Neman shawara kan sayar da keken jariri na hannu a Danmak

Mai neman shawara, daga Aarhus:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Autana ya cika shekara uku, ya daina barcin rana a waje, shi ya sa nake son sayar da babban kekensa, irin wanda mutanen nan suke kira barnevogn. Ƙirar kamfanin Odder ne, na saye shi a hannun wata maƙwabciya a kan krone 2,500. Ban taɓa sayar da komai ta intanet ba, ina roƙon wanda ya saba ya nuna mini inda zan sa shi da kuɗin da ya dace in nema.

Wata dattijuwa, daga Odense:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin maganar kuɗi, ki fito da keken cikin haske, ki ɗaga katifar, ki duba kusurwoyi da cikin rumfar, domin abin da mai saye zai fara tambaya shi ne ko akwai funfuna. Keken da ya daɗe a baranda ko a ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida yakan sha danshi har baƙin ɗigo ya fito a jikin yadin, kuma babu uwar da za ta yarda jaririnta ya riƙa shaƙar wannan awa biyu ko uku kullum. Na taɓa hawa jirgin ƙasa zuwa wani gari domin sayen keke ga jikata, ina ɗaga katifa wari ya buge ni, na dawo hannu rabbana, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Idan naki yana da aibi, ki faɗa tun a cikin tallar.

Wani magidanci, daga Kwapanhagan:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Game da wurin talla, ni DBA, wato shafin intanet na saye da sayar da kayan hannu, na fi sabawa da shi, amma maiɗakina ta fi son manhajar Reshopper ta sayar da kayan yara na hannu saboda iyaye ne suka fi yawa a can, kuma yana nuna kayan da ke kusa da mutum. Ki rubuta tallar da harshen Danish, ki auna tsawon cikin keken ki sa, domin ana neman mai santimita 97, wanda yaro zai daɗe yana kwana a ciki, musamman idan mai renon yara a gida ta ce iyaye su kawo nasu. Ki gwada birki, ki sa wa tayoyi iska, sa'annan ki ɗauki hoton ledar ruwan sama da gidan sauro da maɗaurin yaro idan za ki haɗa da su. Farashi kuwa, ki duba abin da ake nema a kan irinsa, ki ɗan sauko. Mai saye ya zo da kansa ya gani, ya biya ta MobilePay, manhajar tura kuɗi ta waya, a gabanki. Duk wanda ya turo miki wani adireshin intanet ya ce ki sa lambar katin banki domin karɓar kuɗi, kada ki kula shi.

Wata matashiya, daga Aalborg:
Anti, me zai hana ki aika wa 'yan'uwa a gida, tun da keke ne mai ƙarko?

Dattijuwar Odense:
'Yata, niyyarki mai kyau ce, sai dai an ƙera keken nan ne domin jariri ya yi barci a waje cikin sanyi, shi ya sa yake da zurfi da kauri da nauyi. A zafin Kano ko Maraɗi zai zama wahala ga yaro, ga tsadar aikawa, ga shi kuma goyo ya fi wa iyayenmu sauƙi. Idan bai sayu ba, shagunan ƙungiyar agaji ta Mødrehjælpen suna sayar da kayan yara na hannu domin taimakon iyalai masu ƙaramin ƙarfi, sai mai keken ta tambayi na kusa da ita ko suna da wurin ajiye shi.

Mai neman shawara:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, cikin keken fes yake, sai dai rumfar ta koɗe kuma katifar ta tsufa. Zan cire katifar, in ambaci koɗewar a cikin tallar, in fara da krone 1,200 a Reshopper ranar Asabar, in sha Allahu.