Ƙwarzane ɗaya, kuɗin mota guda: yadda aka kwashe a zauren 'yan mota

Na Manchesta: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina. Kwanakin baya ina ribas a wajen ajiye motoci na wani kanti, bayan motata ya goga wa wata motar lantarki irin ta masu hannu da shuni, a gefe, saman tayar baya. Wallahi lotsawar ba ta kai tafin hannu ba. Mai motar bai ko ɗaga murya ba, muka yi musayar bayanan inshora muka rabu lafiya. Da takardar gyara ta fito, abin da garejin ya rubuta ya fi kuɗin motata gaba ɗayanta. Inshora ta biya, amma rangwamen da na tara na shekarun da ban yi haɗari ba ya tafi, da na zo sabuntawa kuma suka lafta mini ƙari. Tambayata ita ce: a kan me talaka mai tsohuwar mota zai riƙa biyan kuɗin ƙawar wani? Su sayi gwangwani mai batir don burga, mu kuma a ɗora mana nauyinsa. A gaya mini in wannan adalci ne.

Maman Biyu: Subhanallah. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri.

Injiniya: Amin. Amma gwangwani? Haba Malam. Motar da batirinta kaɗai ya haura kilo 500, dole a nemi inda za a rage mata nauyi, shi ya sa da yawa daga cikin masu tsadar ake ƙera jikinsu da alminiyum. Da shi ake ƙera jirgin sama fa. Tesla Model S tun fitowarta a 2012 haka jikinta yake. A janye kalmar nan.

Ɗan Jos: Injiniya ai kai ka tabbatar masa da maganarsa. Gwangwanin lemo da me ake yin sa? Ba alminiyum ba?

Injiniya: Na tumatir fa?

Ɗan Jos: Wannan ƙarfe ne aka shafa masa kuza. Kada ka ja da ɗan Jos a maganar kuza, ramukan da Turawa suka haƙa har gobe suna nan cike da ruwa.

Injiniya: To ka ga ke nan motar ƙarfe ma gwangwani ce. Kowa gwangwani yake ja, a wuce wajen.

Baban Gareji: Ku dakata yara, ku bari mai riƙe da guduma ya yi magana. Ƙarfe in ya lotsa, ka bi shi da dabara daga ciki, yana komawa inda ya fito. Ka shafa fila kaɗan, ka goge, ka fesa fenti, an gama. Alminiyum ba ya jin wannan lallashin. Kana bugunsa yana ƙara tauri, kafin ka ankara ya tsage. In ka sa masa wuta kuwa, ƙarfe yakan yi ja ya gargaɗe ka, shi wannan ba ya canza launi, sai dai ka ga ya narke ya zubo maka a ƙafa. Kuma yawanci ba walda aka yi masa ba, da gam da ribit aka haɗa shi. Ko gudumar da ka bugi ƙarfe da ita ba a so ka taɓa shi da ita, don ƙurar ƙarfen in ta shige shi, daga baya za ka ga fenti yana kumbura. Saboda haka garejin Turai ba ya tsayawa gyara, duk ɓangaren zai cire ya sa sabo. Ni dai a wurina gwangwani ne, kuma ba zagi ba ne.

Hajiyar Maitama: Baba, da girmanka. Range Rover tun ƙirar 2013 jikinta alminiyum ne, Audi A8 kuwa tun 1994, kuma mai suke sha. Ban taɓa jin wani a zauren nan ya kira su gwangwani ba. Sai da aka ce lantarki bakin kowa ya buɗe.

Baban Gareji: Hajiya, ranki ya daɗe, su ma in suka shigo garejina kuka nake sa mai su.

Sarkin Zaure: Shi ya sa kullum nake cewa a riƙe Toyota da Lexus a zauna lafiya.

Injiniya: Mun san abin da kake sayarwa, Alhaji.

Ɗalibin Ohio: Bari in ba ku wanda ya faru a jihar da nake, jaridu sun ɗauka a 2023. Wani mutum yana cikin Rivian R1T, a-kori-kura ce ta lantarki, aka buge shi ta baya, bugun da a ido bai taka kara ya karya ba. Gyara ya tashi kusan dala 42,000. Dalili, faifan da ya lotse a baya guda ɗaya ne da ya miƙe ta saman rufi har gaban motar. Kafin a gyara shi a yi masa fenti sai da aka sauke silin ɗin ciki aka cire gilashin gaba. Alhaji Sarkin Zaure, motar da ta buge shi ɗin Lexus ce.

Sarkin Zaure: Ita Lexus ɗin nawa aka kashe mata? Shi nake so ka faɗa wa jama'a.

Ɗan Panteka: Dala 42,000! Ku kawo ta Kaduna. Rantsuwa ba kaffara, yaran Panteka za su fitar da ita kafin la'asar, mai ita ma ba zai gane inda aka taɓa ba.

Baban Gareji: Panteka? Masu ƙera injin markaɗe da murhu? Ku tsaya a kan abin da kuka iya. In ana maganar mota a Arewa, Ƙofar Ruwa ta Kano ake zuwa.

Ɗan Panteka: Ƙofar Ruwan da ake sayar wa mutum tsohon kaya an wanke da fetur a ce sabo ne?

Baban Gareji: Kai yaro, ina buga mota tun kafin a yi maka kaciya. Ka tambayi iyayen gidanka daga ina suke saro kayan.

Ɗan Panteka: Daga kasuwar Ladipo ta Legas, Baba, inda ku ma kuke sarowa.

Na Manchesta: Jama'a, ni fa ba wannan na tambaya ba. Maganar inshora nake yi.

Ɗan Jos: Ka janye gwangwani tukuna.

Injiniya: Masu cewa a kai Panteka ko Ƙofar Ruwa, ku san abin da kuke faɗa. A ƙarƙashin motar nan akwai wuta volt 400, Porsche Taycan ma 800 ce. Wayoyin nan masu ruwan lemo ba ado ba ne, gargaɗi ne. Kafin a sa mata hannu sai wanda aka horar ya yanke wutar, da safar hannu ta musamman. Ga kyamarori da na'urorin hango abu a cikin bamba da madubi da gilashi, in an cire an mayar sai an sake saita su da kwamfuta, in ba haka ba mota ta taka burki a inda babu kowa. Ɗakin gasa fenti ma sai an kula da zafinsa saboda batir. Kuɗin aikin ƙwararru ake biya. Wannan ba alamar rashin ƙarko ba ce.

Baban Gareji: To ai duk tsadar ka lissafo da bakinka, Injiniya.

Injiniya: Kyamarorin nan suna jikin kowace sabuwar Marsandi mai shan mai.

Mai Gwanjo: Ni da nake shigo da motocin haɗari daga gwanjon Amurka bari in faɗi nawa. Za ka ga ta lantarki a hoto tsaf, sabuwa fil, ba ta yi tafiyar kirki ba, amma inshora ta yafe ta. Me ya faru? Kwandon batir ya ɗan ƙwarzane a ƙasa. Ba wanda zai sa hannu ya ce cikinsa lafiya lau, sabon batir kuma yana iya cin kaso mai tsoka na kuɗin motar, har kusan rabi a wasu. Akwai Tesla Model Y da aka ƙera a Texas wadda batirin ma yana cikin ƙashin motar, an cike shi da wani kumfa mai tauri, ba ya ɓarewa. Bayanta kuma zubi ɗaya ne na alminiyum a madadin guntaye kusan 70. Wajen ƙira sun huta, wajen gyara mai mota ya shiga uku. Na taɓa ɗauko wata ta lantarki don arha, ba zan faɗi ƙirarta ba, tana nan a rufe da tamfol muna jiran wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana biyu ba.

Hajiyar Maitama: To wa ya aike ka sayen wadda masu ita suka yafe?

Mai Gwanjo: Hajiya, rabin manyan motocin da kike gani a Abuja ta hannun irinmu suka biyo, a Apo aka miƙe su.

Hajiyar Maitama: Rabi? Kawo hujja.

Mai Gwanjo: Hujjata idona.

Ɗalibin Ohio: Ga hujja ta gaske in ana so. Kamfanin hayar motoci na Hertz ya yi shelar sayen Tesla 100,000 a 2021. A Janairun 2024 ya ce zai sayar da motocin lantarki kusan 20,000, kuma cikin dalilan da ya bayar har da tsadar gyara bayan haɗari.

Injiniya: Ka faɗi sauran mana. Da yawansu direbobin Uber aka ba haya, suna kan titi dare da rana. Kuma Tesla ta karya farashin sababbi a 2023, darajar na hannun Hertz ta faɗi. Ba gyara kaɗai ya kore su ba.

Ɗan Panteka: Ni na ga bidiyo a TikTok, wata ta kama da wuta ana kashewa tana sake tashi.

Injiniya: Ta fetur ba ta ƙonewa ko? Ka bi hanyar Abuja zuwa Kaduna ka ƙirga ƙonannun da ke gefen titi.

Na Manchesta: Tunda hujja ake nema, a nan Ingila cibiyar Thatcham, wadda kamfanonin inshora ke dogara da bincikenta, ta fitar da rahoto a 2023 cewa gyaran ta lantarki ya fi na mai tsada da kusan kashi 25 cikin 100, kuma ya fi daɗewa da kashi 14. Wadda ake zargin batirinta ya taɓu ma nesa da sauran ake ajiye ta, mita 15. Duk wannan a kan wa yake komawa? Kan masu biyan inshora. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Injiniya: Kashi 25 ne ashe. Da ka fara magana na ɗauka ninki goma ne. Kashi 25 ne gwangwani?

Malam Mai Nasiha: 'Yan'uwa mu ji tsoron Allah. Ɗan'uwa Na Manchesta, kai ka bugi motar mutum, ba shi ya buge ka ba. Wanda ya ɓata dukiyar wani shi ke da lamuni, ko ta talaka ce ko ta mai kuɗi. Kuma cewa don burga ya saya, ka shiga zuciyarsa ne? Mu guji hassada.

Na Manchesta: Allah gafarta Malam, hassada kuma? Ni da na tsaya na nemi mai motar da kaina?

Ɗan Jos: Malam, ita inshorar ma ai akwai maganar malamai a kanta.

Malam Mai Nasiha: Akwai, shi ya sa aka samar da takaful, inshorar Musulunci. Amma wannan darasi ne na wata rana.

Ɗan Panteka: Ku 'yan Turai kun cika ƙorafi. Kana karɓar fam kana mana kuka. Mu nan inshorar dole naira 15,000 ce tun Janairun 2023, kuma iyakar abin da za ta biya na ɓarnar dukiya miliyan 3. Ka goga wa irin wannan motar a Wuse ka ga inda miliyan 3 za ta kai ka.

Mai Gwanjo: Ba za ta kai ka ko'ina ba. Durƙusawa za ka yi kana ranka ya daɗe, a kira dattijan unguwa.

Na Manchesta: Fam ɗin kana ganin a bishiya ake tsinko shi? Ka zo ka yi aikin dare a sanyin Janairu.

Ɗan Panteka: Turo biza.

Maman Biyu: Don Allah ku bari haka. Ni tambayata, ita motar cajinta awa nawa take yi? Mu da wuta sai ta ga dama.

Hajiyar Maitama: Sola, 'yar'uwa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lissafi ya canza, masu sayar da motoci masu babban injin V6 ne kawai ba su so a sani.

Sarkin Zaure: Hajiya, ni ake nufi?

Hajiyar Maitama: Ban kama suna ba, Alhaji.

Baban Gareji: Har yanzu yaron Panteka bai ba ni haƙuri ba.

Sarkin Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe wannan babin. Ga abin da aka tsayar kamar yadda na bi maganar daga farko. Kusan kowa ya yarda motar lantarki ba ta gyaruwa in ta yi haɗari. Baban Gareji, wanda ya fi mu sanin aikin, ya tabbatar gwangwani ce, Injiniya da bakinsa ya lissafo dalilan tsadarta, ko da yake daga baya ya so ya zame. Babban kamfani irin Hertz ya gwada ya gudu. A labarin Ohio an ga yadda Lexus ta bugi ta lantarki, kuma ba wanda ya iya kawo shaidar cewa Lexus ɗin ta ji jiki. Maganar Range Rover da Hajiya ta kawo ba ta cikin batu, don haka ban sa ta a lissafi ba. Ɗan'uwanmu na Manchesta muna jajanta masa, shawarar Malam kuma ta ishe shi. Ɗan Panteka ya nemi gafarar Baba kafin sallar asuba ko in cire shi, kuma duk wanda ya sake tayar da maganar Kano da Kaduna zai bi shi. Masu tambayata ta bayan fage, e, Lexus ES 350 guda biyu sun iso daga Kwatano, fara da baƙa, takardun kwastan cikakku, ba a taɓa yi musu fenti ba.