Fim ɗin damben da Rambo da De Niro suka yi da tsufansu, ya cancanci a kalla kuwa?

Mai_Son_Fim:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka kalli Grudge Match ina neman ra'ayinku, wanda Sylvester Stallone (Rambo dai) da Robert De Niro suka fito a matsayin tsofaffin 'yan dambe. Na san ba sabo ba ne, tun ƙarshen 2013 ya fita, ni ne dai ban taɓa zama na kalla ba sai jiya da na ci karo da tirelarsa.

Dalilin tambayar shi ne mahaifina. Mutum ne mai son Rocky, fim ɗin damben Stallone, sosai, na farkon nan na 1976 ya kalle shi ban san sau nawa ba, har waƙar da ake sakawa lokacin da yake gudu yana hawa matattakala yakan bi ta da baki. Yanzu ƙafa ta matsa masa ba ya fita sosai, to nakan zauna da shi da daddare mu kalli wani abu tare kuma wallahi wannan zaman yana da daraja a wurina. Abin da nake tsoro kar in saka masa fim ya ga jarumin da yake girmamawa tun yana saurayi an mai da shi abin dariya, ransa ya ɓaci. A tirelar na ga an sa musu wasu korayen kaya masu kama jiki suna kokawa kamar yara, sai jikina ya yi sanyi.

To shin fim ɗin wulaƙanta su ya yi ko kuwa akwai mutunci a ciki? Sannan akwai abin kunya da ba zan iya kallo a gaban uba ba? Na gode.

Tsohon_Ɗan_Kallo:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma Allah ya saka maka da wannan zama da kake yi da shi.

Ni na kalla har sau uku kuma zan ce maka ka saka masa, amma ka fara gaya masa cewa barkwanci ne, kar ya zauna da niyyar ganin Rocky na bakwai. Duk wanda na ji yana zagin fim ɗin nan in ka bincika za ka ga da wannan niyyar ya zauna.

Labarin a taƙaice: a birnin Pittsburgh na Amurka ne, Stallone shi ne Razor, De Niro shi ne Kid, sun kara sau biyu a shekarun 1980 kowa ya ci ɗaya, ana shirin karo na uku wanda zai raba gardama kawai sai Razor ya ce ya ajiye dambe bai faɗa wa kowa dalili ba. Shekara talatin Kid yana cizon yatsa. Shi Razor ya koma aikin ƙarfi a masana'anta kuɗinsa sun ƙare, shi kuma Kid yana da wurin sayar da motoci da mashaya, yana ta ba mutane labarin da, ba ya gajiya. Korayen kayan da ka gani kamfanin wasan bidiyo ne ya kira su don a ɗauki motsin jikinsu a sa a gem, sai suka haɗu a wurin faɗa ya kaure da gaske, wani ya ɗauka a waya ya watsa a intanet, daga nan Kevin Hart wanda ya fito a mai shirya wasa ya ga ai kuɗi ne suka zo.

Wanda ya fi ba ni dariya ba ma su biyun ba ne, Alan Arkin ne, tsohon kocin Razor da yake gidan kula da tsofaffi, baki gare shi kamar reza, kuma ba ya murmushi in yana magana. Akwai wurin da suka shiga ɗakin sanyi na nama Razor ya ɗaga hannu zai fara naushin naman da ke rataye kamar yadda aka sani a Rocky, tsohon ya dakatar da shi. Haka ma shan ɗanyen ƙwai. Wanda bai san Rocky ba ba zai gane me ake yi ba, amma Babanka da ya haddace shi, shi ne ma zai fi kowa jin daɗin wuraren nan.

Maganar abin kunya kuwa, babu tsiraici amma akwai maganganun banza, musamman daga bakin De Niro da Kevin Hart, kuma akwai wani sin a mota a wajen mashaya, ka riƙe rimot a hannu ka wuce da shi.

Abu_Sinima:

Ni kam ban yarda da Malam na sama ba, a yi min afuwa. Fim ɗin nan ya ɓata min rai kuma ba don Stallone ba, don De Niro.

Mutane suna mantawa da abin da bawan Allah nan ya yi a Raging Bull a 1980. Ya fito a Jake LaMotta, ɗan dambe na gaske, ya yi horo da LaMotta ɗin da kansa har jikinsa ya zama na ɗan dambe, sannan aka tsayar da ɗaukar fim ɗin na watanni ya je ya ƙara ƙiba kusan kilo 27 don ya nuna mutumin bayan ya lalace. Martin Scorsese ne darakta, baƙi da fari aka yi shi, kuma da shi ya ci Oscar na gwarzon jarumi. In ka kalli wurin da yake cikin kurkuku yana dukan bango da kansa da hannunsa yana kuka, ba za ka iya cin abinci ba a daren. To wannan mutumin ne za a ɗauko yana da shekara 70 a sa shi yana rera taken ƙasa da muryar banza a gaban jama'a don a yi dariya, a jefo shi daga jirgin sama da lema? Haba.

Kuma abin da ya fi ci min rai, hotunan ƙuruciyarsu da aka nuna a farko, fuskokin da aka gyara da kwamfuta ko kyan gani babu. Daraktan, Peter Segal, mai finafinan barkwanci ne irin su 50 First Dates da Get Smart, ba laifi a fanninsa, amma bai san yadda ake ɗaukar dambe ba, naushin ba ya da nauyi, ba ka jin sa a ƙirjinka. Masu sharhi ma ba su raga masa ba, kuma a kasuwa dala miliyan 40 aka kashe abin da ya dawo bai wuce wannan da yawa ba, ga shi ranar Kirsimeti aka sake shi lokacin da sinima ke cika.

In ana son ganin su biyun tare a fim mai ma'ana a nemi Cop Land na 1997, a nan ne Stallone ya nuna shi ma akta ne ba tsoka kawai ba. In kuma tsufan Rocky Baba yake son gani da mutunci, ga Rocky Balboa na 2006, ga Creed na 2015 wanda har Stallone ya ci lambar yabo ta Golden Globe da shi. Su zan ba ka shawara.

Maman_Biyu:

Yayana Abu_Sinima na ji zafinka amma ina ganin ka tsananta. Ni ba ma'abociyar dambe ba ce sam, maigidana ne ya kunna ina gefe ina ninke kaya, ban san lokacin da na ajiye kayan na zauna ba.

Abin da ya riƙe ni ba barkwancin ba ne, labarin da ke ƙarƙashinsa ne. Mai tambaya ka yi haƙuri zan ɗan fasa ƙwai, in ba ka so ka tsallake. Dalilin da ya sa Razor ya bar dambe ai ba tsoro ba ne, budurwarsa ce Sally (Kim Basinger ta fito a ita) ta ci amanarsa da Kid ɗin har aka samu ciki, shi kuma ya san abin da Kid ya fi so a duniya shi ne wannan karo na ukun, sai ya hana shi. Ka ga mutum ya hukunta abokin gabarsa amma kansa ya fi hukuntawa, shekara talatin yana zaune shi kaɗai babu mata babu 'ya'ya. Stallone bai yi wasa da wannan rol ɗin ba ko kaɗan, yadda yake magana ƙasa-ƙasa yana sunkuyar da kai in Sally ta zo, ni dai tausayinsa na ji.

Sai kuma ɗan da aka haifa ɗin, wanda Jon Bernthal ya fito a shi, ya girma bai san ubansa ba, ya zo ya same shi da ɗansa, wato jikan Kid, a hannu har ya zama shi ke horar da shi. Wurin da Kid ya fita da yaron ya kai shi mashaya ya shagala ya bar shi, da yadda ɗan ya kalle shi bayan nan, wallahi sai da na ji wani abu ya tsaya min a wuya, domin akwai iyaye maza irin wannan da yawa, suna son a yafe musu amma halin bai bar su ba.

Ni ban ga wulaƙanci ba. Tsufa ai ba abin kunya ba ne, kuma su da kansu suka yarda suka cire riga a gaban kyamara da jikinsu yadda yake, fata ta saki, gwiwa na ciwo. Wanda ya kai 70 ya iya wannan ni girmama shi zan yi.

Ɗan_Ringi:

Bari in shigo ta ɓangaren damben tunda na ɗan taɓa shi shekaru kafin kafaɗa ta hana ni.

Gaskiyar magana babu hukumar dambe mai hankali da za ta ba mutum biyu masu irin wannan shekarun lasisi su yi turmi goma sha biyu, balle a ce ɗaya, wato Razor, ido guda ne yake gani da shi, gwajin ido yana cikin abin da likita ke fara dubawa. Dambe ba ƙarfin hannu ba ne kawai, abin da ke fara tafiya in an tsufa shi ne saurin kaucewa, kana ganin naushin yana zuwa amma jikin ya ƙi bin umarni, sannan ƙwaƙwalwa ba ta jure girgiza kamar da. George Foreman ya ƙwace kambun ajin masu nauyi a 1994 yana da shekara 45, ya yi wa Michael Moorer bugun kwaf ɗaya a turmi na goma, kuma har a lokacin ana ganin abin kamar almara. Bernard Hopkins ya ci kambu a 2013 yana da 48, a ajin da su Razor suke a fim ɗin ma, amma shi mutum ne da bai taɓa sakin jikinsa ba. To ina 48 ina 67 da 70.

Amma wani abu da ya sa na canza ra'ayi kan fim ɗin, lokacin da ya fita mutane sun ce labarin ba zai yiwu ba, sai ga shi a Nuwamban 2024 Mike Tyson yana da shekara 58 ya hau ringi da Jake Paul aka nuna a Netflix duniya ta taru tana kallo. Na kalli wannan wasan kuma raina bai yi daɗi ba, turmi takwas na minti biyu-biyu, daga na uku ƙafafun Tyson sun riga sun gaji, yana tsaye kawai yana cizon safar hannu. Duk abin da fim ɗin ya nuna, bidiyo ya yaɗu a intanet, mai shirya wasa ya hango kuɗi, a yi ta talla ana zuga mutane, haka aka yi ba ragi. Bambancin kawai a fim babu wanda zai ji ciwo da gaske, shi ya sa na fi son in ga tsofaffi suna dambe a fim.

Kuma Abu_Sinima, naushin ba shi da nauyi na yarda, amma akwai abu ɗaya da suka yi daidai wanda sai wanda ya taɓa shiga ringi zai gane. Lokacin da aka gaya wa Kid cewa Razor ba ya gani ta gefe ɗaya, sai ya daina zagayawa ta wannan gefen ya dawo gabansa inda zai gan shi, domin nasarar da aka samu ta makahon gefe ba za ta raba gardamar shekara talatin ba. Wannan halin 'yan dambe ne na asali.

Mai tambaya kar ka kashe in rubutun ƙarshe ya fara hawa, akwai Tyson da Evander Holyfield sun fito tare ana tsokanarsu kan cizon kunnen da Tyson ya yi wa Holyfield a 1997.

Mai_Son_Fim:

Na gode ƙwarai 'yan uwa, kowa na karanta nasa. Mun kalla jiya bayan isha'i, na bi shawarar Tsohon_Ɗan_Kallo na gaya masa tun farko wasa ne, rimot kuma yana hannuna, sau biyu na wuce da shi.

Wurin ɗakin naman nan Baba ya yi dariya har da tari sai da na miƙa masa ruwa, ya ce in mayar baya ya sake gani. De Niro bai san shi sosai ba, yana ta kiransa mai bakin nan. Amma da aka zo damben ƙarshe sai ya yi shiru, ya matso bakin kujera ya dafa sandarsa da hannu biyu, da Razor ya faɗi Kid ya miƙa hannu ya ɗaga shi, daga baya shi ma ya rama masa, na juya na ga idonsa ya kawo ruwa. Bai ce komai a kan wanda alƙalai suka ba nasara ba, abin da ya tambaye ni kawai shekarar Rambo nawa lokacin da fim ɗin ya fita, na ce 67, ya ce ashe ya girme ni ma a lokacin, sai ya daɗe yana kallon hannunsa.

Malam Abu_Sinima ban ƙi taka ba, na ga abin da kake nufi da fuskokin kwamfuta ɗin, ba su yi ba gaskiya. Na samo Creed kuma shi za mu kalla ranar Juma'a in Allah ya kai mu. Raging Bull ɗin ne nake so ka gaya min, zai yiwu a kalle shi da uba ko in fara kallonsa ni kaɗai tukuna?