Wace kalma za mu ba wa rage wutar furosesa?

Malamai da ƴan'uwa masu gyaran kwamfuta a Maradi, ina neman shawararku kan abin da Turawa ke kira undervolting, wato amfani da manhaja irin su ThrottleStop ko Intel XTU wajen rage ƙarfin wutar da ke shiga furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin ta daina ɗaukar zafi. Duk wanda ya yi aiki da kwamfuta a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40 kuma ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, ya san amfanin maganar.

Wani dattijo a cikinmu ya kawo "sanyaya ƙwaƙwalwa". Da girmamawa, Malam, ban gamsu ba, domin sanyayawa aikin fanka ne, ita ke fitar da zafin da ya riga ya taru, alhali manhajar tana hana zafin samuwa tun daga tushe. Wani kuma ya ce "rage gudu", amma wannan sunan wani abu ne daban: idan furosesar Intel ta kusa digiri 100, da kanta take rage saurinta don kada ta lalace. A ganina "jan linzami" ya fi dacewa da wannan, kamar yadda mahayi ke tsayar da doki ranar hawan salla.

Abin da muke nema wa suna ba ya taɓa gudu. Zafi yana hawa ne bisa ƙarfin wuta ninki kansa, saboda haka rage kashi 10 cikin 100 na ƙarfin wutar, wato tansiyo kamar yadda muke faɗa a nan, yana iya sauke zafin da kusan kashi 19. "Tsimin wuta" ya so ya yi, sai dai mai karatu zai ɗauka batun kuɗin lantarki ake yi.

Ni na tsaya kan "sassauta wuta". Mai girki tana sassauta wuta ba tare da tukunya ta daina tafasa ba, idan kuma ta zarce, tuwo ba zai nuna ba; haka kwamfuta ke sandarewa idan an rage fiye da kima. Kalmar tana ba da fi'ili mai sauƙi: "na sassauta mata wuta da milibolt 50" (milibolt ƙaramin ma'aunin ƙarfin wuta ne). Tun bayan da aka gano raunin tsaro na Plundervolt a 2019, kamfanoni da yawa sun kulle wannan hanya, don haka muna buƙatar faɗin "wannan ba ta karɓar sassauci", kuma jimlar tana zama daidai a bakin Bahaushe.