Hajiya ba ta iya jure takunkumi a mota, ga tafiyar Accra

Assalamu alaikum. Muna Aboabo a Kumasi, mahaifiyata kuma za ta ga likita a Accra mako mai zuwa. Tana da asma da ciwon suga, ga shi muna tsoron kada ta kamu da korona.

Takunkumi ne ya tsaya mana. Na ƙyalle yana jiƙewa da gumi, sai ta kama tari. Da muka gwada takunkumi mai kauri na N95, kafin mu kai garin Konongo da ke kan hanyar Accra numfashinta ya fara sama-sama, dole ta cire. Babbar bas tagoginta a rufe suke saboda esi (na'urar sanyaya iska), trotro kuwa, wato ƙaramar bas ta haya, a cunkushe. Shatar mota ta fi ƙarfina.

Don Allah, wanne ya fi mata aminci: bas mai esi da takunkumin asibiti mara kauri, ko trotro kusa da buɗaɗɗiyar taga?