Manajan injinmu ba ya son sabon abu, mu sallame shi ne?

Mai tambaya, Kura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu goma sha biyu muka haɗa jari muka kafa injin casar shinkafa lokacin da aka rufe boda a 2019. Manajanmu albashinsa kaɗan ne, amma yana da kashi 10 cikin 100 na ribar kowace shekara. Mutum ne mai amana, ko kwabo bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Sai dai duk sanda aka tayar da maganar injin cire tsakuwa, ko na tantance launi, ko sola saboda tsadar man gas, sai ya ce a bari sai baɗi. Ga dillalai suna zuba shinkafarmu a tafin hannu, su tsinto tsakuwa da baƙar ƙwaya su nuna mana, su karya farashi. Ina mafita?

Tsohon akawu, Bunkure: Wa alaikumus salam. Alhaji, ku kuka ɗaure masa hannu. Kuɗin inji daga ribar bana zai fita, amfaninsa kuwa sai nan da shekara uku ko huɗu, watakila lokacin ma ba ya nan. Duk miliyan ɗaya da aka kashe, dubu ɗari ce ta bar aljihunsa. Ko wa kuka kawo a kan wannan tsari, haka zai yi. Ku raba kuɗin injin a kan shekarun da zai yi yana aiki, kada ku zabtare shi gaba ɗaya daga ribar shekara guda kafin ku fitar masa da kasonsa.

Ma'aikacin banki, Wudil: Manyan kamfanoni ma da wannan suke fama, shi ya sa suke biyan shugabanninsu da hannun jari wanda ba ya zama nasu sai an jima. Amazon kan raba shi a shekara huɗu, mafi yawansa a biyun ƙarshe. Kamfanin 3M na Amurka kuma ya taɓa ɗora wa kansa cewa kusan kashi 30 na cinikinsa ya fito daga sababbin kaya. Kodak, kamfanin kayan ɗaukar hoto, su suka ƙera kyamarar dijital a 1975, amma ribar fim ɗin kyamara ta riƙe su, a 2012 suka durƙushe. Ku ba shi rabin ladansa a hannu, rabin ya zama jari a injin.

Mai turara shinkafa, Kadawa: Alhaji ka yi haƙuri, ban da rawar kai. Injin launi ba ya zama ba tsayayyiyar wuta, makanikinsa ma sai an ɗauko daga birni. Tsakuwar nan rabinta a wurin shanya take shiga, a gefen kwalta. Ku fara da tamfol da simintin shanya. Kuma kada ku ba shi lada don ya sayi ƙarfe, ku ba shi idan kuɗin buhunku ya kamo na maƙwabta.

Mai tambaya: Na gode, Hajiya. To maganar jarin nan, in ya tafi kafin shekarun da zai zama nasa su cika fa?

Tsohon akawu: Abin da ya riga ya zama nasa ya ɗauka, sauran ya dawo muku. Ku rubuta da shaidu, ku kai wa malami ya duba haɗin albashi da kason riba kafin kowa ya sa hannu.