Inshorar noma: ta mai lambu ce ko ta banki?

Baba Ilyasu, Kasala:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan Isha'i na saurari saƙon muryar da Usman ya turo, yana cewa duk mai lambu ya nemi shiga ta'amin, wato inshora, kafin ruwa ya sauka, kuma mu haɗa baki mu roƙi gwamnati ta ƙara ɗauke mana kuɗin shigarta. Na kwana da maganar a raina. Ɗana Usman, shekarata arba'in a sawagi, wato lambunan ban ruwa namu na nan Sudan, kuma abin da na gani shi ne inshorar noma ba ta mai lambu ba ce, ta banki ce. In gwamnati tana da kuɗin tallafi, ta zuba shi a man gas da sola da iri mai kyau, ta ƙyale mu da takardu. Wanda bai yarda ba ya fito fili.

Usman, Madani:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Ban yarda ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fara ba mu labarin.

Baba Ilyasu, Kasala:
To. Kun san Gash, kogin nan namu na Kasala. Shi ke cika mana rijiyoyi, shi ne kuma ke kwashe mu in ya fusata. Duk wanda ya ga ambaliyar 2003 ba zai manta ba, unguwa guda ta kwanta a dare ɗaya. Shekaru bayan nan na karɓi rance a wani banki don albasa da gyaran ayaba. Kafin kuɗin su shigo hannuna an riga an cire kason inshora, ba wanda ya tambaye ni. Ban damu ba, na ce alheri ne. A Agusta ruwa ya fasa ta gefenmu, ya kwana huɗu a cikin ayaba. Na kai rahoto da ƙafata. Mai duba ɓarna bai zo ba sai bayan mako uku, ƙasa ta riga ta bushe, ya ce ruɓewar saiwa daga yawan ban ruwa ne. Mun yi ta kai da kawowa har aka amince da wani ɓangare. Abin da aka biya kuma ban gan shi da idona ba, kai tsaye asusun bankin ya wuce. Sai da na sayar da shanu biyu kafin na sake dasa ayaba. To ku faɗa mini, wa aka kare?

Usman, Madani:
Baba, Allah ya mayar da alheri. Jinkirin mako uku zalunci ne, ba zan kare shi ba. Amma dubi ɗaya gefen. Kuɗin da ya wuce asusun banki bashinka ya rage. Da babu shi, da shanu huɗu za ka sayar, ko kuma a kai ga abin da duk muka sani, "yabƙa li hinis sadad", mutum ya zauna a kurkuku har sai ya biya. Manoma nawa muka ji an tsare a Gadarif saboda cek ɗin da ya dawo? Inshorar da ake haɗawa da rance kuɗin da aka kashe take rufewa, ba ribar da mutum ya sa rai ba. Matsalar ita ce ba a yi maka wannan bayani ba tun farko.

Baba Ilyasu, Kasala:
Ka ga ka faɗa da bakinka. Kuɗin banki take rufewa.

Usman, Madani:
Kuɗin banki da ke wuyanka, Baba. Nan ne bambancin.

Hajiya Rakiya, Mai Wurno:
Salamu alaikum. Baba da Usman, ku biyun kuna gardama a kan tuwon da mu ko ƙamshinsa bai iso mana ba. Baba yana da takardar sagiyarsa, wato lambunsa, shi ya sa banki ya saurare shi. Mu a nan yawancinmu jarfi muke nomawa, gaɓar kogi, in ruwa ya janye mu bi shi da tumatir da kuɓewa da kankana. Wasu aro ne, wasu raba-daidai da mai ƙasa, wasu kuma gado ne tun zuwan kakanni daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903, amma ba rijista. Ka je banki a ce kawo takardar fili. Babu. To babu rance, babu inshora, in an raba taki ma sunanka ba ya cikin jerin. Sai mutum ya koma wurin ɗan kasuwa ya ci shel, ya karɓi kuɗi yanzu ya biya da amfanin gona a farashin da mai kuɗin ya yanka.

Ni kuma sana'ata dashe ce. Ina rainon mangwaro da lemo da gwaiba a leda, in yi musu aure, in sayar. Dashen mangwaro kafin ya kai sayarwa sai ka yi fiye da shekara kana shayar da shi kamar jariri. A 2020, shekarar da Nilu ya yi cikar da manya suka ce ba su taɓa gani ba, ruwa ya hau ya tafi da rabin abin da na raina. Wane kamfani ne zai zo ya ƙirga mini leda? Ko sunan sana'ar tawa ban taɓa jin an ambata a zancen inshora ba.

Abdullahi, Gadarif:
Ni tambayata daban ce. Malam Haruna, wannan abu ya halatta ma kuwa? Ka biya kuɗi, in bala'i bai zo ba sun cinye, in ya zo su ba ka fiye da abin da ka biya. Ina bambancinsa da caca?

Malam Haruna, Gadarif:
Malam Abdullahi, tambaya ce mai kyau, kuma malamai sun daɗe da tattauna ta. Inshorar kasuwanci ita ce aka yi wa wannan suka, saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas. Shi ya sa aka fito da ta haɗin gwiwa, takaful, kuma a ƙasar nan aka fara: kamfanin inshorar Musulunci na farko a duniya a Khartum aka kafa shi a 1979, Bankin Faisal ne ya kafa. Daga baya doka ta ɗora duk kamfanonin Sudan a kan wannan tsari. A ƙa'ida abin da kake biya tabarru'i ne, wato gudummawa, cikin asusun jama'a, kamfani wakili ne mai kula, rarar da ta saura kuma ta masu biya ce. Wannan gayya ce da aka rubuta a takarda. Ta fuskar hukunci zuciyata a kwance take. Ta fuskar aiki kuwa, duk wanda ya shiga yana da haƙƙin ya tambayi ina rarar shekararsa, kuma mu ba ma tambaya.

Abdullahi, Gadarif:
Na gamsu Malam, Allah ya saka.

Sani, Ɗa'if:
Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ni ina Saudiyya, shekara tara ina aiki a mashtal, wato wurin rainon dashe, muna rainon wardi da rumman da inabi. Bari in ba ku abin da na gani, don maganar Baba ta sola ta tsaya mini a rai.

A nan tallafi kai tsaye ake bayarwa. Akwai shirin Rif da aka ƙaddamar a 2019, yana taimakon ƙananan manoman wardi da 'ya'yan itace da kofi da masu zuma, ana zuba musu kuɗi a asusu. Akwai kuma asusun raya noma mai ba da rance. Na ga amfaninsa da idona, mai gidan da nake wa aiki ya faɗaɗa gonarsa. Amma na 'yan ƙasa ne. Mu da ke riƙe da almakashi da tiyo albashinmu kawai muka sani, in ƙanƙara ta sauko ta kakkarya furanni mu ne farkon waɗanda ake ragewa.

Abin da nake so Baba ya duba shi ne labarin alkama. A shekarun 1980 gwamnatin nan ta riƙa sayen alkama a hannun manoma da tsada, kowa ya haƙa rijiya mai zurfi, har ƙasar hamada ta koma tana fitar da alkama waje. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta ja da baya. A 2008 suka yanke shawarar janyewa a hankali, zuwa 2016 aka rufe shirin. To Baba, rijiyoyin Kasala Gash ne kaɗai ke ciyar da su. Yau tsadar man gas ce ke sa mutum ya kashe injin ban ruwa in ƙasa ta sha. Ranar da kowa ya samu sola kyauta, wa zai kashe?

Baba Ilyasu, Kasala:
Sani, wannan magana taka tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Rijiyata ma sau biyu ina ƙara mata zurfi. Amma ka sani, tun da aka cire tallafin mai a 2021 ba ruwa muke ɓarnatarwa ba, lambuna muke bari suna mutuwa. Maƙwabcina ya sare lemonsa ya sayar da itacen. A ba da sola, a sa doka a kan haƙa sabuwar rijiya. Wannan ba ya gagara.

Usman, Madani:
Sola ba ta hana Gash fasowa, Baba, ba ta kuma hana tsutsar tumatir. Hajiya za ta ba da shaida, wannan tsutsa mai shiga cikin ganye tana iya gama gona cikin kwanaki. Tallafin kayan aiki yana rage maka kashe kuɗi a shekarar lafiya. Inshora ta shekarar musiba ce. Ba kishiyoyi ba ne.

Amma bari in faɗi gaskiyar da na koya a makaranta na kuma gani a aiki. Inshorar lambu ta fi ta dawa da auduga wahala nesa ba kusa ba. Auduga a Jazira hawasha ce, wato gonakin da aka yanka, a jere, shuka ɗaya, girbi ɗaya, hukuma ɗaya, tun 1925 ake rubuta komai. Dawa a Gadarif ana iya auna ta da ruwan sama, in ma'auni ya nuna ruwa bai kai kaza ba a biya kowa ba sai an taka gona ba. Lambu fa? Faddan ɗaya, wato kamar eka guda, kala biyar a ciki, tumatir ana tsinkarsa sau da yawa, in ya lalace yau jibi ba shaida. Kuɗin tura mai dubawa kaɗai ya kusa cinye abin da manomin ya biya. Shi ya sa kamfani ba ya zuwa sai in gwamnati ta ɗauki wani kaso, kuma sai in mun zo a ƙungiya, ba ɗai-ɗai ba.

Musa, kasuwar kayan gwari, Sinnar:
Duk kun manta babban mai kashe mu. Ba ruwa ba ne, ba tsutsa ba ce. Kasuwa ce. Lokacin sanyi kowa ya kawo tumatir rana ɗaya, ina tsaye manomi zai bar akwatunansa ya tafi don kuɗin mota ya fi kuɗin kayan. Da damina kuma tumatir ya koma sai mai hali. Gona ta yi kyau, mai ita ya talauce. Wace inshora ce ke biyan wannan?

Usman, Madani:
Irin wadda muke magana a kai ba ta biya, Yaya Musa. Wannan maganin ɗakin sanyi ne da injin markaɗe da wurin shanya kauɗa mai tsabta. A nan ina tare da Baba, tallafi ya fi.

Maryam, Rabak:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ƙarama ce a cikinku. Lambun mahaifina yana Rusairis. A Yulin 2022 da rikici ya ɓarke muka fito da kayan jikinmu, mangwaron da ya dasa tun kafin a haife ni muka bari. Yaya Usman, da yana da inshora, da an biya shi?

Usman, Madani:
A'a ƙanwata. Ba zan yi miki ƙarya ba. Yaƙi da tarzoma ana cire su daga takardar tun farko, kusan ko'ina a duniya haka ne. Ni ma da Madani ta faɗi a yaƙi a Disamban 2023 na bar injina biyu da rumfar dashe. Da muka koma bayan Janairun 2025 ko bututu ban tarar ba. Wannan ba aikin kamfani ba ne, diyya ce da ke wuyan hukuma, kuma dole mu nema da sunanta daban, kada a cakuɗa ta da inshora a ce an sallame mu.

Malam Haruna, Gadarif:
Allah ya mayar muku da mafi alheri. Zan ƙara abu ɗaya. Dokar zakka ta ƙasar nan ta haɗa duk abin da ƙasa ta fitar, har kayan lambu da 'ya'yan itace, ko da yake a mazhabarmu ta Malikiyya ba haka aka tafi ba. Tun da mai lambu yana bayarwa, rabin ushiri in da inji yake shayarwa, to yana da ƙofa a kason garimina, waɗanda bashi ya danne. Wannan ƙofa a rubuce take cikin Alƙur'ani, ba roƙo ba ne. Mu riƙa rubutawa muna nema a tare.

Baba Ilyasu, Kasala:
Usman, saura abu ɗaya ban ji ka taɓa ba. Ko an biya, yaushe? A 2021 farashi ya ninka fiye da sau uku cikin shekara guda. Diyyar da aka ƙiyasta a Agusta aka biya a Maris ko buhun taki ba za ta saya ba. In dai za a rubuta cewa mai dubawa zai zo cikin kwana uku, dattawan wurin su zama shaidu, a biya cikin wata guda, kuma a ba ni wani abu a hannu in sake shuka ba duka a miƙa wa banki ba, to zan sake tunani. Ban ce na yarda ba.

Hajiya Rakiya, Mai Wurno:
Ni har yanzu ba a amsa mini ba. Usman ɗana, in mu matan da ke rainon dashe muka haɗu mu ashirin, mai unguwa ya sa hannu cewa wurin namu ne muke aiki, za a karɓe mu ba takardar fili?

Usman, Madani:
Hajiya, ranar Lahadi zan shiga ofis biyu in tambaya da bakina, in kawo muku takardar sharuɗɗan yadda take. Baba, kai ma zan turo maka.

Baba Ilyasu, Kasala:
Kada ka turo hoto, idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Ka karanta mana ita da murya, ka fassara da Hausa layi-layi, musamman wurin da suka lissafa abin da ba sa biya.

Hajiya Rakiya, Mai Wurno:
Ka hanzarta dai. Kogi ya fara canja launi, gobe da asuba za mu fara kwashe leda zuwa tudu.