Wace kalma za mu ba tafiyar farko bayan an canza haƙoran dif?

Mai Neman Kalma: Assalamu alaikum, masu gareji. In aka sa wa mota mai ogzilari (mai ja da tayoyi huɗu) manyan tayoyi, a ce inci 33 ko 35, ƙarfinta yakan mutu, sai an canza kirawun da finiyan, wato giya biyu masu haƙora da ke cikin dif (akwatin da ke raba juyin inji ga tayar hagu da ta dama), a tashi daga 4.10 zuwa 4.56 ko 4.88, ma'ana yawan juyin da finiyan ke yi kafin kirawun ya juya sau ɗaya. Tafiyar da ake yi a hankali bayan wannan aiki Turawa na ce mata "break-in". Mu me za mu ce? In aka aro ta yadda take, birki kunnen direba zai ji.

Mai Sifana: Wa alaikumus salam, Malam. A gareji "ranin-in" ake cewa, amma an fi saninta ga injin da aka sauke aka gyara. Ni dai na kawo "horo", yadda ake horar da doki kafin a ɗora masa sirdi.

Ogan Gareji: Yallaɓai, a bar horo. Ka ce wa direba ya hori mota, totur zai taka, kuma abin da ke kashe aikin ke nan. Finiyan yana zaune ne ƙasa da tsakiyar kirawun, don haka haƙoran ba birgima kaɗai suke yi ba, zamewa suke a kan juna. Suna sababbi kuwa, 'yan wurare ƙalilan ne ke taɓa juna, duk nauyin motar na bi ta nan. Ga sababbin boris da aka ɗaure tamau, su ma suna ƙara zafi. Man giya ya wuce digiri 120 a ma'aunin Salshiyas, sai ya fara rasa ƙarfinsa, ƙarfe ya ci ƙarfe, taurin fuskar haƙori ya tafi. Kukan da dif zai fara daga nan ba ya dainawa sai an sake wasu haƙoran.

Direban Daji: To "wasawa" fa, Oga? Tunda gogar juna suke.

Ogan Gareji: Wasawa cin ƙarfe ne don a sami kaifi. Nan ba kaifi ake nema ba. So ake fuskokin su yi santsi, su daidaita, wurin haɗuwarsu ya faɗaɗa.

Mai Sifana: Oga ya tuna mini. Ai muna da kalmar a bakinmu: "ringi bai zauna ba tukuna", "bari boris ya zauna". Sai mu ce zaunar da haƙoran dif. Kowane yaron gareji zai gane ba sai an yi masa bayani ba.

Injiniya: Na goyi bayan zaunarwa, don ta faɗi abin da ke faruwa a cikin ƙarfen. Ga yadda ake yinta. A zuba man giya mai lamba GL-5, kauri 80W-90 ko 85W-140, har ya kai bakin ramin zubawa. In dif ɗin mai faranti ne a ciki, wato mai kulocin da ke hana taya ɗaya juyi a banza, akwai ƙarin sinadarin da yake buƙata, a duba takardarsa. A tuƙa kilomita 25 zuwa 30, kada a haura gudun 80, kuma kada a tsaya a gudu ɗaya. A taka kaɗan, a saki, motar ta gangara da kanta, saboda kowane haƙori fuska biyu gare shi, ta ja da ta saki, kuma dukkansu sai sun zauna. Sannan a ajiye motar dif ya huce sarai, a zafin Kano ko Agadas kusan awa guda. A maimaita sau uku ko huɗu. Hucewar nan ita mutane suka fi tsallakewa, sai a fita daga gareji a kama doguwar hanya, alhali a nan ne zafin ke taruwa ba ya samun fita.

Har zuwa kilomita 800 ba jan tirela, ba lodi, ba fizga, ba haƙa rairayi. A nan a juye man. Baƙin gari mai laushi a maganaɗisun fulogin juye mai ba komai ba ne, amma in aka ga ɓarɓashin da yatsa ke ji, a buɗe dif. Ranar da za a fara jan kaya ma, kilomita 25 sai a tsaya ya huce, domin nauyi na tura haɗuwar haƙoran zuwa wurin da bai zauna ba.

Direban Daji: Injiniya, dif ɗin gaba fa? A kwalta ai ba ya aiki.

Injiniya: Shi ya sa yake buƙatar tasa zaunarwar daban. A kulle hob, wato makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba, a sa giyar ogzilari a 4H, a bi hanyar burji ko tsakuwa a hankali, a huta kamar yadda aka yi wa na baya. Kada a yi a busasshiyar kwalta, tayoyin gaba da na baya za su yi ta jayayya a kwana, shaf ya ɗaure.

Ogan Gareji: Gargaɗi ɗaya kan kalmar, kada ta zama mafakar bakanike. Wanda ya ɗaura finiyan ba daidai ba zai ce "bari ya zauna". Zaunarwa ba ta gyara mugun ɗauri. Giɓin da ke tsakanin haƙora yawanci 0.15 zuwa 0.25 na milimita ne, a bi lambar kamfanin, a shafa fenti a ga sawun ya faɗa tsakiyar haƙori kafin a rufe. Dif ɗin da ya fito gareji yana kuka, a mayar da shi ranar.

Mai Neman Kalma: Madalla. Mun tsaya a kan zaunar da haƙora ga aikin, tafiyar zaunarwa ga kilomita 800 na farko. A takardar da ake liƙa wa direba a gaban sitiyari kuwa a rubuta: "Ana zaunar da dif, a lallaɓa."

Mai Sifana: A ƙara lambar kilomitan da mita za ta nuna ranar juye mai, in ba haka ba babu wanda zai tuna.